Gas Mai Araha da Magungunan Tanki: Nazarin Matsalar Wani Janaretan Injin Casa a Yankin Kura

Wurin da injinsa

Masana'antar casar shinkafa ce matsakaiciya a yankin Kura, kudu da birnin Kano, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noman shinkafa rani da damina. Mai ita ɗan kasuwa ne da ya fara da sayen shanshera a ƙauyuka kafin ya kafa injin kansa. Wutar layi ba ta zama a wurin yadda za a dogara da ita, don haka kusan duk aikin janareta ke ɗaukarsa.

Janaretan mai ƙarfin kVA 100 ne, wato kilowat 80 in an cika masa lodi. Silinda huɗu ne da turbo, yana juyi 1,500 a minti ɗaya kamar kowane janareta irinsa a ƙasar nan. An saye shi sabo a 2019. Famfon mansa irin mai juyawa ne na gargajiya, ba na kwamfuta ba. Irin wannan famfo ba ya samun baƙin mai daga injin. Gas ɗin (wato man dizal) da ke ratsa shi ne kaɗai ke sa ƙarafan cikinsa su yi santsi, abin da zai zo ya yi tasiri a gaba.

Gas ɗin yana zama a tankin ƙarfe mai cin lita 5,000 da ke kwance a fili, rana na dukansa. Bututun shan iskarsa ba shi da murfi, kuma bututun da ke kai mai ga injin daga can gindin tankin yake ɗiba. Tsakanin tanki da injin akwai filta biyu, ta farko mai ƙoƙon gilashi da ke raba ruwa da mai, ta biyu mai tace ƙananan datti. Ana sabis duk awa 250.

Yaron da ke kula da injin yana da littafi. Kullum yana rubuta awannin da mita ta nuna da kuma yawan man da ya ragu a sandar awo. Alhaji ya sa a fara rubutun ne don tsoron kada a riƙa zuƙe masa gas da daddare. Daga wannan littafin aka san cewa har farkon 2022 injin yana shan kusan lita 17 a awa, idan injinan casa da na goge shinkafa suna aiki tare, lodin da ya kai kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Wannan daidai yake da abin da ake tsammani ga injin mai girmansa.

Maris zuwa Mayu 2022: an sauya mai kawo gas

A Janairun 2022 matsakaicin farashin litar gas a Najeriya bai kai naira 300 ba. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a ƙarshen Fabrairu sai ya yi tashin gwauron zabo. Kafin tsakiyar shekara ya haura naira 700, kafin ƙarshenta ya wuce 800. Gas ba shi da tallafin gwamnati kamar yadda fetur yake da shi a lokacin, saboda haka tsadar ta sauka kai tsaye a kan masu injina. A watan Maris ɗin kuma babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau biyu a jere, 'yar wutar da ake samu ma ta ƙara ja baya.

A Afrilu wani dillali ya kawo wa Alhaji tayin gas da rangwamen kusan naira 80 a kowace lita. Ana kawo shi a durom-durom cikin a-kori-kura, ba takardar depo, ba shaidar inda aka ɗauko shi. Launinsa ya ɗan fi na gidan mai duhu, warinsa ya fi ƙarfi. Ana juye shi kai tsaye a babban tanki da tiyo, har da ɗigon ƙarshe na gindin durom, don an biya kuɗinsa. Wata biyu injin bai ce komai ba.

Yuni da Yuli: alamomin farko

Da damina ta kankama sai abubuwa suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. Da safe injin yana daɗewa kafin ya kama, in ya kama sai ya yi farin hayaƙi na 'yan mintoci. Idan aka tayar da babban injin casa sai muryarsa ta faɗi, fitilun wurin su dushe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa kafin ya farfaɗo. Filtar da ke kai awa 250 ta koma toshewa a awa 100, daga baya 60. Ƙoƙon gilashin da a da sai a yi mako ba a zubar da komai ba, yanzu kullum da safe akwai ruwa a ciki.

Littafin yaron ya nuna shan mai ya tashi zuwa lita 18 da rabi a Yuni, sannan 19 da rabi a ƙarshen Yuli. Alhaji ya fara zargin sata ne. Ya sa kwaɗo a tanki, ya riƙe makulli a aljihunsa, amma lissafin bai sauya ba.

Agusta: magunguna uku

Bakaniken unguwa, wanda ya saba yi wa injin sabis, shi ya kawo shawarar magani. A shagunan kayan gyaran mota ana samun ƙananan kwalabe iri-iri da ake ɗigawa a tankin gas, kowace da alƙawarin ƙarin ƙarfi da rage shan mai a jikinta.

Na farko mai wanke nozul ne, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda. An zuba shi a ƙaramin tankin da ke jikin janareta bisa ma'aunin da aka rubuta. Kwana biyu injin ya yi lafiya lau, Alhaji har ya aika a sayo katan guda. A rana ta huɗu komai ya dawo yadda yake. Da aka duba littafi daga baya sai aka ga a ranar da aka zuba maganin ne aka sauya filta biyu, aka kuma kakkaɓe filtar iska wadda buntun shinkafa ya cushe. An yi abubuwa uku a rana ɗaya, aka ba ɗaya yabon.

Na biyu mai ƙara abin da ake kira lambar sitan ne, wato ma'aunin saurin kamawar gas da zarar an fesa shi cikin iskar da fistin ya matse ta yi zafi. Ƙa'idar Turai ta ce kada lambar ta gaza 51, ta Amurka kuma 40. Wannan maganin ya yi wani abu da kowa ya shaida: tashin safe ya ɗan yi sauƙi, ƙarar ƙwanƙwasar injin ta ragu. Amma shan mai yana nan a lita 19 da rabi, filta kuma ta ci gaba da toshewa.

Na uku shi ne wanda aka ce yana cinye ruwan da ke cikin gas. Bayan an zuba shi, ƙoƙon gilashi ya daina tara ruwa, yaron injin ya yi murna. Abin da irin wannan magani ke yi shi ne ya narkar da ruwan cikin mai har ya zama ba ya kwanciya. Filtar farko kuwa da kwanciyar ruwan take aiki, tunda ruwa ya fi gas nauyi. Ruwan da a da ake tarewa a zubar, yanzu ya samu hanyar wucewa zuwa famfo da nozul.

A cikin watan ne kuma wani direban babbar mota ya ba da shawarar a riƙa zuba ɗan baƙin mai a gas don famfo ya samu santsi. An yi sau biyu da tsohon man da aka juye a sabis. Hayaƙi ya ƙaru, aka bari.

Satumba: injin ya tsaya

A mako na biyu na Satumba janaretan ya mutu ana tsakiyar aiki, ya ƙi tashi. Kwana shida masana'antar na rufe, ga shansherar mutane jibge a fili ana ta fama da tamfol saboda ruwan sama. Aka ɗauko wani mai gyaran famfo da nozul daga cikin Kano, dattijo wanda ya daɗe a sana'ar.

Bai fara da injin ba. Ya nemi kwalbar ruwa wadda babu komai a ciki, ya tara gas daga gindin babban tanki, ya ajiye ta a inuwa. Kafin a gama gaisawa kwalbar ta rabu gida uku. A ƙasa ruwa ne ja-ja-ja mai tsatsa, a sama gas, a tsakani kuma wani baƙin abu mai yauƙi kamar majina, wanda in an girgiza kwalbar yake tashi zare-zare. Ya shafa wani man gano ruwa a kan sandar awo ya zura ta. Man ya sauya launi har tsawon kusan santimita 6 daga ƙasa.

"Alhaji, wannan baƙin abin rai gare shi," in ji shi. "Ƙwayoyin halitta ne, a ruwan suke zaune suna cin man. Su ne suke toshe maka filta."

"To Malam, magungunan da muka zuba fa?"

"Ranka ya daɗe, a ƙaramin tanki kuka zuba. Gidansu yana nan waje."

Ruwan ya taru ta hanyoyi uku. Wani ya zo a gindin durom. Wani ruwan sama ne da ya bi ta bututun da ba murfi. Sauran kuma gumin tanki ne: tsada ta sa ba a cika tankin, kullum bai fi rubu'i ba, iskar damina mai laima tana shiga da rana, da dare ƙarfe ya huce ta zama raɓa ta gangara ƙasa. Ƙa'idar Turai ba ta yarda ruwa ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya na gas ba, abin da ido ba ya ko gani. Nan kuwa ana maganar bokiti-bokiti ne.

Sai ya auna nauyin gas ɗin da ma'aunin gilashi mai yawo a kan mai. Awon yana buƙatar kula, domin ƙa'idar a kan zafin digiri 15 aka gina ta, mai kuwa yana ƙara sauƙi in ya yi ɗumi. Wanda ya auna da tsakar rana a Kano bai gyara lissafi ba zai iya ɗora wa gas mai kyau laifi. Bayan gyara, man dillalin ya ba da kusan giram 805 a lita. Gas na ƙwarai yana farawa ne daga 820. Bakaniken unguwa ya ce algus ne da kananzir. Dattijon bai yarda ba, domin a shekarar kananzir ma ya yi tsadar da ba wanda zai yi asarar zuba shi a gas. A ganinsa mai ne da ba a tace shi da kyau ba, aka bar sassa marasa nauyi a cikinsa. Ko ta wace hanya, sakamakon ɗaya ne. Litar irin wannan mai ba ta ɗauke da ƙarfin litar gas, kuma ya tsinke, ba shi da santsin da famfo ke buƙata.

A shagonsa ya ɗora nozul huɗun a kan injin gwaji. Nozul mai lafiya tana riƙe mai har sai matsi ya haura bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), sannan ta buɗe da ƙara ta fesa shi kamar hazo. Biyu daga ciki suna buɗewa tun matsi bai kai ba, ɗaya tana ɗiga bayan ta rufe, ɗaya kuma tsartuwa take yi maimakon feshi. Da ya kwance famfon, ƙarafan da ya kamata su yi ƙyalli sun yi zane-zane, ga ɗigon tsatsa a jikinsu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ƙarafa ba ta kai kaurin gashi ba, ko kusa.

Satumba da Oktoba: abin da aka yi

An sauya bakin nozul huɗun, aka yi wa famfo garambawul, aka saita lokacin feshinsa. Wannan ne ya ci mafi yawan kuɗin.

Sauran aikin na tanki ne, kuma ba shi da tsada. An kwashe man da ya rage, aka wanke cikin tankin, aka bar shi ya bushe. An ɗaga gefe ɗaya don ya ɗan karkata, aka sa famfon zubar da ruwa a gefen da ya yi ƙasa. An mayar da bututun ɗibar mai ya koma kusan santimita 15 sama da gindi. An lanƙwasa bakin bututun iska ya kalli ƙasa, aka yi wa tankin rumfar kwano. An ƙara wata babbar filta mai raba ruwa tsakanin tankunan biyu.

An daina hulɗa da dillalin, aka koma saye daga gidan mai guda mai ba da rasit. Ko shi ma ba a ba shi amanar ido rufe ba. Duk man da aka kawo sai an tara a kwalba an duba, an auna nauyinsa, sannan a bar shi ya kwana ɗaya kafin a fara ja. Yaron injin yana buɗe famfon gindi duk ranar Asabar, kullum kuma in damina ce.

Magani ɗaya tak dattijon ya yarda a zuba, mai kashe ƙwayoyin halitta, kuma a babban tanki, bayan wanki, sau ɗaya. Ya gargaɗe su cewa filtar farko za ta toshe da wuri, saboda maganin kashewa yake yi, ba ya kwashe gawa. Haka aka yi. An sauya ta a awa 80, ta biyun kuwa ta kai 250.

Alhaji ya tambaye shi ko gas ɗin gidan mai ya zama tsarkakakke ke nan. Amsar ita ce a'a, saboda sulfa. Turai ta taƙaita sulfa a gas zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Najeriya kuwa a lokacin ta daɗe a kan 3,000. Ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa cinikin irin wannan mai zuwa Afirka a 2016, kuma a Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan. Amma binciken da ƙungiyar SDN, mai aiki a yankin Neja Delta, ta fitar a shekarar ya samu matsakaicin sama da 2,000 a gas ɗin gidajen man da ta gwada a Najeriya. Sulfa ba ta toshe filta, ba ta kuma rage ƙarfin injin yau-yau. In ta ƙone ta haɗu da laima sai ta zama asid, ta gangara cikin baƙin mai tana cin ringi da silinda a hankali. Babu kwalbar da ke cire ta daga gas. Abin da mai injin zai iya shi ne ya sayi baƙin mai mai kyau ya kuma sauya shi da wuri. Aka rage tazarar juyen zuwa awa 200.

Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023: awo

Lokacin kaka ne, aiki ya yi yawa, injin yana yin awa goma zuwa sha biyu a rana. Littafin ya nuna lita 17 da ɗan ɗoriya a awa. Baƙin hayaƙi ya tafi sai ɗan wanda ke fita in an tayar da babban lodi.

Katan ɗin mai wanke nozul yana nan ba a taɓa rabinsa ba, ga sauran mai ƙara sitan. Alhaji, wanda ba ya son ganin kuɗinsa a ajiye, ya ce a gwada su a kan mai mai kyau. A wannan karon an bi tsari: mako biyu ba magani, mako biyu da shi, lodi iri ɗaya, ba a taɓa filta ko wani abu a tsakani ba. Mai wanke nozul bai kawo bambancin da sandar awo za ta iya gani ba. Mai ƙara sitan ya sa injin yana kamawa da bugu ɗaya a sanyin asubar Disamba da Janairu, amma shan man bai motsa ba.

A tsakiyar Janairu shan mai ya sake hawa zuwa lita 18 da baƙin hayaƙi, hankalin kowa ya tashi. Ƙurar hunturu ce da buntu suka toshe filtar iska. Aka sauya ta, aka juya bakin shan iskar ya bar fuskantar wurin zubar da buntu, lissafi ya koma 17.

Hukunci

Ingancin gas ya yi tasiri sosai a wannan injin, amma ta fuskar hasara. Mugun mai ya ƙara masa shan kusan lita biyu da rabi a awa. Kaɗan daga ciki saboda rashin nauyin man ne, mafi yawa kuwa saboda nozul da famfon da ruwa, datti da rashin santsi suka cinye. Mai mai kyau ya mayar da shi lita 17 da aka san shi da ita, bai kai shi 15 ba, kuma babu dalilin da zai sa a yi tsammanin haka.

Arahar ma ba ta tsaya ba ko a lissafin awa. Lita 17 a kan naira 750 ta kama 12,750. Lita 19 da rabi a kan 670 ta kama 13,065. Ba a sa kuɗin filtoci, gyaran famfo da kwana shidan da aka rasa ba.

Magungunan kuwa bai kamata a yi masu kuɗin goro ba. Mai wanke nozul yana narkar da dattin da ya daskare a bakinta, amma waɗannan nozul cinyewa suka yi, sinadari kuma ba ya mayar da ƙarfe. Mai ƙara sitan ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Sai dai janaretan da ya yi zafi yana juyi ɗaya duk yini ba shi da matsalar kamawa, don haka amfaninsa ya tsaya a mintocin farko na safiya. Mai cinye ruwa shi ne a ganina ya yi ɓarna, domin ya rufe bakin alamar da ke faɗa wa yaron injin gaskiya kowace safiya, kuma bayan an fara zuba shi da 'yan makonni famfon ya mutu. Mai kashe ƙwayoyi ne kaɗai ya dace da cutar da aka gani da ido, shi ma da ba a wanke tanki an toshe hanyar ruwa ba, da sun dawo kafin wata damina.

Akwai magani ɗaya da ba a gwada ba wanda da zai iya rage ɓarnar Yuni da Yuli, wato mai ƙara santsi. Mai maras nauyi irin na dillalin shi ne ainihin inda ake buƙatarsa. Zai kuma iya zama abin dubawa ga gas mai ƙarancin sulfa, domin tacewar da ke cire sulfa tana tafiya da wani ɓangare na santsin gas, shi ya sa matatun Turai da Amurka suke zuba shi tun kafin man ya bar hannunsu.

Wannan injin ya tsira ne saboda famfonsa na gargajiya ne. Sababbin injinan da kwamfuta ke sarrafa feshinsu suna aiki da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa sama da 2,000, kuma ba za su jure wata biyar a kan irin wannan mai ba. Ko wannan ɗin bai fita lafiya ƙalau ba. Tun bayan daminar 2022 sai an ƙara masa baƙin mai tsakanin sabis da sabis, abin da ba a yi a da, kuma dattijon ya ce wa Alhaji ya fara tanadin kuɗin ringi.